Likita Walƙiya da Mutumin Ɗakin Sanyi

Akwai wani matashin likita da ke aiki a sashen gaggawa na wani babban asibiti. Ilimi kam yana da shi, ba wanda ya taɓa musun wannan. Shi ya zo na ɗaya a ajinsu, hannunsa kuma ba ya rawa ko da jini na tsartuwa. Aibinsa ɗaya ne: ba ya sauraro. Kallo ɗaya yake yi wa majiyyaci ya yanke hukunci, in kuwa ya yanke, to ya yanku ke nan. Ma'aikatan jinya suka laƙaba masa suna Walƙiya, wai don kafin majiyyaci ya gama sallama ya riga ya rubuta masa magani. Da sunan ya kai kunnensa, maimakon ya ji kunya sai ya ɗauka yabo ne. Har yakan ce, "Ni ba na buƙatar dogon labari. Tun daga bakin ƙofa nake gane ciwo."

A sashen akwai wata babbar nas da kowa ke kira Sista. Ta yi shekara ashirin da shida tana wannan aiki. Sau da yawa takan ja shi gefe ta ce, "Likita, ka riƙa barin mutane su kai ƙarshen maganarsu."

Sai ya yi dariya ya ce, "Sista, in na tsaya jin tarihin kakannin kowa, layin nan sai ya kai bakin titi."

Wata Talata, wajen ƙarfe goma da rabi na safe, rana ta riga ta buɗe da zafi, sashen ya cika maƙil. Sai ga wata motar dakon kifi ta tsaya a bakin ƙofa. Direban ya fito a gigice, ya rungumo wani dattijo daga kujerar gaba, ya shigo da shi yana jan ƙafa.

Dattijon nan yayan direban ne, ya kai shekara hamsin da biyar. Aikinsa wanke ɗakin sanyi ne a wani kamfani da ke ajiye ɗanyen kifi. Tun ƙarfe shida ya shiga ɗakin da tiyo yana wanke ƙasa, ruwa ya jiƙa masa kaya. Wani ma'aikaci ya zo wucewa ya ga ƙofa a buɗe, ya turo ta ya tafi, bai san da mutum a ciki ba. Hannun ƙofar na ciki kuwa ya daɗe da lalacewa. Dattijon ya yi ta bugu yana ihu, amma ƙarar injuna ta hana kowa ji. Awa huɗu ya yi a cikin ƙanƙara da jiƙaƙƙun kaya. Sai da ƙanensa ya zo lodin kifi sannan ya same shi a takure a bayan kwalaye. Garin ruɗewa, wani abokin aikinsu ya ɗura masa giya a baki, wai an ce tana ɗumama jiki.

Duk wannan yana bakin direban. Minti ɗaya ya isa ya faɗe shi.

Ya ce, "Likita, don Allah, yayana ne. Tun da sassafe yake cikin..."

Walƙiya ya katse shi. "Ajiye shi nan."

Ya sunkuya. Warin giya ya bugi hancinsa. Dattijon yana ta gunaguni, harshensa ya yi nauyi, idonsa a lumshe, yatsunsa suna ta lalubar maɓallin rigarsa. A hankali ya ce, "Zafi... zafi..."

Walƙiya ya miƙe ya ce, "Na gane. Maye ne."

Direban ya dafe ƙirji. "Wallahi, likita, Yaya bai taɓa sha ba. Sanyi ne ya kama shi, ai a cikin..."

"Sanyi? A wannan ranar? Ka taɓa ganin mai jin sanyi ba ya rawar ɗari? Ga shi ma yana neman tuɓe riga. Malam, kowa in ya kawo ɗan'uwansa haka yake cewa, bai taɓa sha ba. Ka jira a waje."

Ya juya ya ce wa wata nas a kai dattijon gado na ƙarshe, a ɗaura masa ruwa leda biyu, a bar shi ya yi barcinsa. Ya wuce wurin majiyyaci na gaba. Duka-duka bai yi minti biyu a kan dattijon ba.

Gado na ƙarshe kuwa yana ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki ne. Aka kwantar da shi a nan da jiƙaƙƙun kayansa. Ruwan da aka ɗaura masa daga kan kanta aka ɗauko shi, ba a ɗumama ba, yana ta shiga jijiyarsa ɗigo-ɗigo.

Sista a lokacin tana ɗakin ɗinki da wata mata da ta yanke a hannu. Sai bayan kusan minti arba'in ta fito. Tana wucewa ta gaban gado na ƙarshe sai ta lura mutumin ya yi shiru da yawa. Ta tsaya. Leɓɓansa sun yi toka-toka. Ta cusa hannu ƙarƙashin rigarsa ta taɓa cikinsa, sai ta ji kamar ta taɓa dutsen da ya kwana a ruwa. Hannu da ƙafa su yi sanyi ba abin mamaki ba ne, amma ciki?

Ta sa masa ma'aunin zafi a hammata. Ya ƙi nuna lamba. Ta sake, ya sake ƙi. Ta laluba jijiyar wuyansa da ƙyar, ta ƙirga har minti ɗaya cur. Bugu talatin da takwas kawai ta samu.

Ta fita da sauri ta iske direban a tsugune a jikin bango. Ta ce, "Ɗan'uwa, kai ka kawo mutumin nan? Faɗa mini daga farko, kada ka bar komai."

Ya faɗa mata. Kafin ya rufe baki ta juya da gudu. Ta kashe na'urar sanyin, ta tsayar da ruwan, ta aiki nas ɗaya ta kira babban likita, kuma ta karɓo daga ɗakin tiyata ma'aunin da ke iya auna jikin da ya yi sanyi sosai. Sannan ta nufi Walƙiya, wanda ke tsaye a tsakiyar majiyyata yana rubutu.

Ta ce, "Likita, mutumin gado na ƙarshe ba maye yake yi ba. Awa huɗu ya yi a kulle a ɗakin ƙanƙara. Ma'auni ya ƙi hawa. Rawar ɗarin da ba ya yi, sanyin ne ya wuce wurin, jikinsa ya gaji ya daina. In sanyi ya kai haka, mutum har zafi yake ji ya nemi tuɓe kaya."

Ba tare da ya ɗago ba ya ce, "Ma'aunin ya lalace."

"Na gwada a jikina, lafiyarsa lau."

Mutanen da ke kan benci suka zuba musu ido. Walƙiya ya ji kamar an tsinka shi a bainar jama'a. A cikin ransa ya san maganarta ta yi kama da gaskiya, amma ya ga in ya yarda nan take, girmansa ya zube. Ya ajiye biro ya ce, "Zo in nuna miki yadda ake tashin mashayi."

Ya isa gadon, ya kama dattijon a kafaɗa biyu, ya fizgo shi zaune da ƙarfi, ya girgiza shi. "Malam! Buɗe ido!"

Sista ta ƙwalla ƙara, "Kada ka girgiza shi!"

Ta makara. Zuciyar da sanyi ya kama ba ta jure wa jijjiga, motsi ɗaya na garaje ya isa ya rikita bugunta. Kan dattijon ya langaɓe, hannuwansa suka zube. Walƙiya ya taɓa wuyansa, bai ji komai ba.

Nan take ya fara danna ƙirji. Aka yage rigar, aka goge ƙirjin, aka jona na'urar duba zuciya. Layin da ke kan allon ba bugu yake nunawa ba, karkarwa kawai yake yi. Aka sa masa wutar farfaɗo da zuciya sau ɗaya, sau biyu, sau uku. Ba abin da ya canza. Walƙiya ya yi ta kiran allura ana bayarwa, duk a banza. Bayan minti ashirin ya haska tocila a idon dattijon, ya ga ƙwayar idon ta buɗe, ba ta motsi. Jikin ya yi sanyi, gaɓoɓin sun sandare.

Ya ja da baya, ya dubi agogo. Ya ce, "Ku tsaya. Ya rasu."

Daidai lokacin matar dattijon ta iso, tana tsaye a bakin labule tare da direban. Ta ji kalmar da kunnenta. Ta ɗora hannu a ka ta sulale ƙasa tana salati.

Sista ce ke kan ƙirjin a lokacin. Ba ta ɗaga hannunta ba.

Walƙiya ya ce, "Sista, na ce ku tsaya."

Tana dannawa tana haki ta ce, "Ba zan tsaya ba. Wanda sanyi ya kama ba a cewa ya mutu sai an ɗumama jikinsa zuciyar ta ƙi tashi. Idon nan da ka gani, da sandarewar, duk sanyi na yin su."

"Ni ne likita a nan!"

"Ka rubuta abin da ka ga dama. Ni dai hannuna ba zai bar ƙirjin nan ba."

Suna cikin haka babban likita ya ɗaga labule. Dattijo ne mai furfura, ba ya ɗaga murya ko ana tashin hankali. Ya saurari Sista cikin 'yan kalmomi, ya karɓi ma'aunin da aka kawo daga ɗakin tiyata, ya auna zafin cikin jiki ta dubura. Digiri ashirin da bakwai. Lafiyayyen mutum talatin da bakwai yake.

Ya ce, "Mutumin nan bai mutu ba tukuna. A ci gaba da dannawa, kada a tsaya ko na daƙiƙa goma. A yanke wandon nan da almakashi, a cire takalman, a tsane jikin a hankali. Ku kawo barguna da na'urar hura iska mai ɗumi, ƙirji da ciki za a fara ɗumamawa. Duk ruwan da zai shiga jijiyarsa a ɗumama shi zuwa digiri arba'in. Iskar oksijin ma mai ɗumi. A duba sukarin jininsa. Allura da wuta kuma a dakata, ba za su yi aiki ba sai jikin ya kai talatin."

Sannan ya dubi Walƙiya. Bai yi masa faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Cire kwat ɗinka ka shiga layi. Minti bibbiyu za ku riƙa karɓa-karɓa."

Aka sa wa dattijon robar numfashi. Babban likita ya zura roba a mafitsara, ya kuma huda gefen ƙirji ya zura wasu, aka riƙa tura ruwa mai ɗumi ana zuƙo shi, don ɗumin ya isa kusa da zuciya. Direban ya kasa haƙuri, ya kutso ciki ya kama ƙafar yayansa zai murza.

Sista ta riƙe hannunsa. "A'a, ɗan'uwa. In ka murza, jinin ƙafar mai sanyi zai koma zuciya ya ƙara ɓata lamari. Je ka zauna da matar yayanka, ita ce ke buƙatarka yanzu."

Mutum shida ne a layin dannawa. Duk wanda minti biyunsa suka cika sai ya sauka na baya ya hau. Ɗakin da aka kashe wa na'urar sanyi ya ɗauki zafi, gumi ya jiƙa kowa sharkaf. Bayan rabin awa aka sake aunawa, ashirin da takwas. Walƙiya ya ji wani haƙarƙari ya yi ƙara a ƙarƙashin tafinsa, ya ɗan dakata.

Babban likita ya ce, "Ci gaba. Ƙashi yana warkewa."

Da Walƙiya ya sauka a wani zagayen, ya fita bakin labule don ya sha iska. Matar dattijon ta miƙe ta tare shi, idanunta sun yi ja. Ta ce, "Likita, da kunnena na ji ka ce maigidana ya rasu. Yanzu kuma na ga ana ta aiki a kansa. Don girman Allah, wanne ne gaskiya? 'Ya'yansa suna ta kira, me zan gaya musu?"

Mutumin da kullum amsa ke bakinsa tun kafin a gama tambaya, yau sai ya sunkuyar da kai ya koma ciki.

Awa ɗaya ta wuce, ma'auni ya nuna ashirin da tara. Walƙiya ya ji bayansa kamar zai tsage. Duk dannawa ɗaya sai ya tuna yadda ya fizgo kafaɗun nan. Bayan wasu mintuna arba'in Sista ta ce, "Talatin da ɗigo biyu."

Babban likita ya ce, "To, yanzu. Kowa ya ja baya."

Aka sa wutar. Jikin ya zabura ya koma. Layin allon ya ci gaba da karkarwarsa. Wata nas ta fashe da kuka.

"A ci gaba da dannawa. A ba da allura ɗaya."

Suka ci gaba. Da ma'auni ya kai talatin da ɗaya aka sake sa wutar. Layin ya miƙe sambal. Daƙiƙa ɗaya, biyu, uku. Sai wani ɗan tsini ya ɗago a kan allon. Can sai wani. Sannan wani. Sista ta ɗora yatsu a wuyansa ta rufe ido, ta daɗe a haka, kafin ta ce, "Akwai bugu."

Walƙiya ya jingina da bango ya zame ƙasa. Fiye da awa biyu suka yi suna danna ƙirjin mutumin da ya ce ya rasu.

Aka kai dattijon ɗakin kulawa ta musamman. Sai a rana ta biyar ya buɗe ido. Ya rayu, amma ba yadda yake a da ba. An yanke masa yatsun ƙafa biyu da ƙanƙara ta cinye. Hannunsa na hagu ya raunana, maganarsa ta yi nauyi, kuma ba ya riƙe sabon abu a kansa. Ya san matarsa, ya san 'ya'yansa, ya tuna abubuwan da, amma abin da aka gaya masa yanzu, kafin a jima ya tafi.

Babban likita ya kira Walƙiya ofis ya ce, "Yatsun nan biyu ɗakin sanyi ne ya ci su. Sauran kuwa a nan aka yi. Da ƙafarsa ya shigo, ko da jan ta yake yi, zuciyarsa kuma tana bugawa. Bargo, da ruwa mai ɗumi, da hannu mai taushi, da sun ishe shi ya koma gida cikin kwana uku."

Asibiti ya kafa kwamitin bincike. Ba a yi wa Walƙiya tambayoyi masu wuya ba. Aka ce, ka auna zafin jikinsa? Ya ce a'a. Ka taɓa jikinsa kafin ka yanke hukunci? Ya ce a'a. Me ƙanensa ya gaya maka? Ya ce bai bar shi ya faɗa ba. Aka cire shi daga sashen gaggawa na wata shida, aka ce ba zai sake sallamar majiyyaci ba sai wani likita ya sa hannu. Gurbin ƙarin karatun da aka zaɓe shi a kai, wanda ya yi shekara uku yana jira, aka ba wani.

Ranar da za a sallami dattijon, bayan mako bakwai, Walƙiya ya ci karo da su a baranda. Matar tana tura shi a keken marasa lafiya, ƙanen yana riƙe da jaka. Walƙiya ya so ya kauce, amma wata nas ta riga ta ce, "Baba, ga ɗaya daga cikin waɗanda suka yi ta danna ƙirjinka."

Dattijon ya washe baki, ya miƙo hannunsa mai lafiya ya kama na Walƙiya. A hankali ya ce, "Ɗana... Allah ya yi maka albarka. Ka ceci raina."

Ƙanen ya kawar da kai. Walƙiya ya ji ba zai iya karɓar wannan addu'a ba. Ya durƙusa a gaban keken ya ce, "Baba, ba ni na cece ka ba. Sista ce, da babban likita. Ni ne na ce maye kake yi. Ni na hana ƙanenka magana. Ni na girgiza ka har zuciyarka ta tsaya, ni kuma na ce a daina, ka rasu. Duk halin da kake ciki ni na jawo. Ka yafe mini."

Dattijon ya zuba masa ido, goshinsa ya tattare, yana ƙoƙarin riƙe maganar. Wani ya wuce da gadon turawa yana ƙara, dattijon ya bi shi da kallo. Da ya juyo sai ya ga mutum a durƙushe a gabansa. Ya ɗago ya dubi matarsa ya ce, "Wane ne wannan?"

Ta ce, "Likita ne."

Ya sake washe baki, ya sake miƙo hannu. "Likita... ɗana, Allah ya yi maka albarka."

Hawaye suka zubo wa Walƙiya. Matar ta gyara wa mijinta bargon da ke cinyarsa, sannan ta dubi likitan ta ce, "Ka tashi. Shi ya manta, kuma haka zai yi ta mantawa. Ni da kai ne za mu riƙe." Ta tura keken suka wuce, ta bar shi a durƙushe a tsakiyar baranda.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, ilimi ba ya amfani ga wanda ya toshe kunnensa. Wanda aka danƙa wa ran mutane ya saurari labari har ƙarshe, ya taɓa, ya auna, kafin ya yanke hukunci, kuma in an gyara masa ya karɓa ko da daga na ƙasa da shi ne. Sanyi yana iya kama jikin mutum ko da rana tsaka ce. In aka ga wanda ya jiƙa ko ya daɗe a wuri mai sanyi yana sambatu, harshensa ya yi nauyi, cikinsa ya yi sanyi, to daina rawar ɗarinsa ba sauƙi ba ne, haɗari ne ya ƙaru. A cire masa jiƙaƙƙun kaya, a kwantar da shi, a lulluɓe shi, a taɓa shi a hankali, kada a murza masa gaɓoɓi, kada a ba shi giya, a garzaya da shi asibiti. Minti ɗaya na sauraro da likitan nan ya ƙi bayarwa, wani bawan Allah ne ya biya shi da lafiyarsa har ƙarshen rayuwarsa.